JAWABI A KAN SHAF DA BORIS NA ƘAFAR MOTA

Ya kai mai karatu, ko direba ne kai, ko yaron mota, ko mai koyon kanikanci, ko kuwa mai mota ne wanda bai taɓa riƙe sifana ba amma shi ke biyan kuɗin gyara, maganar yau taka ce. Za mu yi ta ne a kan waɗansu ƙarafa biyu da ke maƙwabtaka a ƙafar mota ta gaba, ɗaya sunansa shaf, ɗaya boris. Na haɗa su cikin magana guda domin dalili biyu. Na farko, in ɗayansu ya lalace sau da yawa a kan zargi ɗan'uwansa, a sayi abin da ba a bukata, a koma gida da ciwon da aka fito da shi. Na biyu, noti guda ne ya ɗaure su, saboda haka wanda ya canza shaf da ganganci shi ne ke kashe boris mai lafiya, ko da ya ke bai sani ba.

Bari mu fara da aikin shaf. A motocin dā, kamar Peugeot 504 wadda aka harhaɗa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, inji yana gaba, amma ƙafafun baya su ke tura mota. Wani dogon ƙarfe da a ke kira farfela shi ke ɗauko ƙarfin inji ya bi ƙarƙashin mota ya kai shi baya. Amma yawancin ƙananan motocin da ka ke gani a hanya yanzu, irin su Corolla da Golf da Accord, ƙafafun gaba ne ke jansu. Wannan dabara ba sabuwa ba ce, gama tun 1934 kamfanin Citroën na Faransa ya fitar da mota irin wannan da yawa. A cikin irinta, sanduna biyu ke fitowa daga akwatin giya, ɗaya ta nufi ƙafar dama, ɗaya ta hagu. Kowace sanda ita ce a ke kira shaf.

To, duba wahalar da ke kan ƙafar gaba. Tana juyawa domin mota ta tafi, tana karkata dama da hagu in an murɗa sitiyari, tana kuma hawa da sauka in an shiga gargada. Miƙaƙƙiyar sanda ba ta iya bin ta cikin wannan duka, sai ta karye. Don haka aka yi wa shaf gaɓa biyu. Ta waje, wadda ke jikin ƙafa, ƙwallayen ƙarfe shida ne cikin wani ɗan keji, kowanne yana bin kwarinsa, ta haka sanda ta kan lanƙwasa tana juyi ba tare da fizga ba. Wani injiniya na kamfanin Ford a Amurka, Alfred Rzeppa, shi ya ƙago ta wajen 1927. Ta ciki, wadda ke jikin akwatin giya, a Corolla 'yan tayoyin ƙarfe uku gare ta, tana shiga tana fita cikin kofinta, watau shaf ya kan ƙara tsawo ya rage sa'ad da ƙafa ke hawa da sauka. Kowace gaɓa an cika ta da giris, an rufe da roba mai ninki-ninki, an ɗaure bakinta da ɗamarar ƙarfe.

Wannan roba ita ce ran shaf. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Muddin roba na da lafiya, gaɓa ta kan yi shekaru ba ta ce komi ba. Ran da ta yage, juyin ƙafa sai ya watsar da giris waje, ƙurar hunturu da yashi da ruwan damina su shiga, su gauraya da sauran giris ɗin su zama kamar dutsen wāshi, su dinga cin ƙarfe. Saboda haka duk ran da aka ɗaga motarka domin canjin mai, murɗe sitiyari har ƙarshe ka leƙa bayan taya. In ka ga baƙin giris ya fantsama a jikin wili, roba ta tsage. In ka riske ta da wuri, kafin gaɓa ta fara ƙara, wanki da sabon giris da sabuwar roba sun isa, kuɗinsu kuwa bai kama ƙafar kuɗin shaf ba.

Boris kuwa aikinsa dabam. Shi ba ya jan mota, ɗaukarta ya ke yi. Zobba ne na ƙarfe mai tauri ƙwarai, na waje da na ciki, da ƙwallaye jere biyu a tsakaninsu. Zoben waje yana zaune daram cikin ƙarfen da ke riƙe da ƙafa, na ciki kuwa yana rungume da cibiyar ƙafa, wadda makanikai ke kira hob, watau abin nan da a ke ɗaura wili a jikinsa. Kan shaf ta tsakiyar hob ya ke ratsawa, sa'an nan babban noti ya ɗaure shi daga waje. Ka ga ke nan nauyin mota da na fasinja da na kaya duk a kan waɗannan 'yan ƙwallaye ya ke. Tayar Corolla ta kan juya wajen sau 500 a kowace kilomita, watau daga Kano zuwa Kaduna fiye da sau 100,000. Abin da ke kashe boris shi ne duka: faɗawa rami da gudu, da lodin da ya wuce kima, da ratsa ruwa mai zurfi, da kuma hannun mai gyara.

Yanzu ga wurin da na fi so ka tattara hankalinka, watau yadda za ka rarrabe ciwon wannan da na wancan. Kowannensu da muryarsa.

Gaɓar waje ta shaf ba ta magana a miƙaƙƙiyar hanya sai ta lalace sarai. A kwana ta ke magana. Nemi fili, murɗe sitiyari har ƙarshe, ka tashi a hankali kana taka totur, kana kewaya. In ka ji ƙas-ƙas-ƙas yana bin juyin ƙafa, ita ce. Gaɓar ciki kuwa girgiza ta ke yi. Sa'ad da ka taka totur da ƙarfi, ko kana hawan tudu, sai ka ji gaban mota na kaɗawa, kana ɗage ƙafa sai ya lafa. Abin lura a nan, ciwon shaf yana bin totur ne, domin sai an ɗora masa ƙarfin inji ya ke kuka.

Boris bai san totur ba, gudun mota ya sani. Kukansa gurnani ne mai zurfi, kamar na jirgin sama daga nesa. Ya kan fara a hankali, mota na ƙara gudu yana ƙaruwa, ko ka ɗage ƙafa daga totur ba ya dainawa. In kana so ka san gefen da ya ke, nemi hanya mai kyau wadda ba kowa, ka ɗan karkata mota hagu da dama a hankali. In ka karkata hagu nauyi ya kan koma ƙafafun dama, saboda haka in gurnani ya ƙaru a lokacin, galibi na dama ne ya gaji. Na ce galibi, domin jeren ƙwallayen biyu ne, wani lokaci jeren da ya lalace ya kan ruɗe mai sauraro. Kada ka yanke hukunci da kunne kaɗai.

Akwai wani maƙaryacin shaida da ya kamata ka sani, shi ne taya. Tayar da ta ci tudu da kwari ta kan yi gurnani irin na boris sak. Shafa tafinka a bayanta, in ka ji kamar haƙoran zarto, to, mai da tayoyin gaba baya, na baya gaba, ka sāke gwadawa. In kukan ya bi taya ya koma baya, ka huta da sayen boris.

In bai bi ba, sai a ɗaga mota, gani ya kori ji. Kama taya da hannu biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ka tura da wannan ka ja da wancan. Ƙafa mai lafiya ba ta motsi. Littafin gyaran Corolla bai yarda hob ya yi wasa fiye da milimita 0.05 ba, watau kimanin kaurin gashin kai guda, wanda hannu ba ya ji. Saboda haka duk wasan da hannunka ya ji ya riga ya wuce iyaka. Amma tukuna, ba kowane wasa ne na boris ba, gama akwai gaɓar ƙasa da ke riƙe da ƙafa, wadda a ke kira bol-joyin, ita ma ta kan saki. Ga dabarar rarrabewa. Sa wani ya shiga ya take birki, ka sāke girgizawa. Birki ya kan manne hob da ƙarfen da ke bayansa su zama abu guda, saboda haka in wasan ya ɓace boris ne, in yana nan gaɓar ƙasa ce. In kuwa sai ka kama taya ta gefe da gefe ka ke jin wasa, sama da ƙasa babu, to, nemi laifin a ƙarafan sitiyari.

Har wa yau boris irin na yanzu ya kan lalace yana gurnani alhali bai fara wasa ba. Domin wannan, ɗora hannu ɗaya a kan sifirin da ke bisa ƙafar, ka juya taya da ɗayan. Mai lafiya ba za ka ji komi ba. Wanda ya ci kuwa, za ka ji gurzarsa tana zuwa cikin yatsunka kamar ana niƙa tsaba. Gwada ɗaya gefen ka kwatanta. Zafi ma shaida ne: in an yi tafiya aka tsaya, ƙafa guda ta fi 'yan'uwanta zafi, akwai magana, sai dai birkin da ya kame shi ma ya kan kawo zafi. Kusantar da bayan hannunka kawai, kada ka dafa.

Wani zai ce, a ƙara masa giris a ɗan ƙara ɗaure shi mana. Wannan maganar tana da asali. Akwai boris irin na dā, mai 'yan sanduna masu tsini-tsini maimakon ƙwallaye, wanda Henry Timken, wani maƙerin keken doki a Amurka, ya yi rajistarsa a 1898. Irinsa ne a ƙafafun baya na Golf 2 da Golf 3. Shi a kan kwance shi, a wanke, a cika da giris, a ɗaure noti sannu-sannu har wasa ya tafi, amma a bar wāshar da ke bayan notin tana iya gusawa in an tura ta da bakin sukudireba. Amma na gaban Corolla rufaffe ne tun daga masana'anta, ba a buɗe shi, ba a saita shi. In ya yi wasa ya mutu, sai sabo.

Kada ka ɗauki wannan da wasa. Shaf in ya karye, mota tsayawa ta ke yi, inji na kuka ba ta tafiya. Wannan hasarar wuni ce, ko da ya ke in kan tudu ne ko tsakiyar hanya ita ma da hatsarinta. Boris kuwa in aka matsa masa ya kan yi zafi har ya kame, ko ya tarwatse ƙafa ta karkace, birki ya ƙi ci, mota ta ƙwace daga hannun direba tana cikin gudu, ga mutane a ciki. A ganina, mai shaf mai ƙara ya iya lallaɓawa zuwa gareji, amma mai boris mai wasa ba shi da hujjar ɗaukar fasinja ko zuwa ƙauye na gaba.

To, a ce an tabbata shaf ne. Ga yadda a ke canza shi, a misalin Corolla ta 2003 zuwa 2008. Tsai da mota a wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe, ja birkin hannu, sa wa ƙafafun baya waigi. Babban notin an lotsa bakinsa cikin wata tsaga ta kan shaf don kada ya warware, sai a fara ɗage wannan lotsin. Notin yana da tauri ƙwarai, saboda haka sa wani ya take birki kana karya shi. Da zarar ya saki, kada a tura motar ko taki ɗaya da nauyinta a kan ƙafar, domin notin nan shi ke haɗe da zobban ciki na boris, in babu shi sai su buɗe, ƙwallaye su hau inda ba nasu ba.

Ɗaga mota da jak, sa'an nan ka tokare ta da ƙarfen tokara ko katako mai kauri. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Bulon siminti kuma kada ka amince da shi, ba ya gargaɗi kafin ya fashe. Cire taya, cire noti, kwance gaɓar ƙasa domin ƙafa ta sami jawuwa waje. In ka sauke abin da ke matse faifan birki, rataye shi da waya, kada ka bar shi yana lilo a jikin tiyonsa.

Sai a tura kan shaf ya fita ta bayan hob. Nan ne a kan yi ɓarna ta farko. In ya ƙi fita sai ka ga an ɗauko guduma ana sheƙa masa. Kowane bugu ta cikin boris ya ke wucewa, ƙwallaye su bar 'yan lotsi a jikin zobe waɗanda ido ba ya gani, bayan wata biyu sai gurnani ya tashi, a ce ai boris ɗin dā ma ya tsufa. Zuba masa man sassauta tsatsa, ka ba shi lokaci, ka tura shi da abin turawa mai zare. In ba ka da shi, mai da tsohon notin daidai da bakin shaf, ka kara guntun tagulla ko katako, ka buga kaɗan-kaɗan.

Wajen akwatin giya kuma, kada ka kama sanda ka fizga, gaɓar ciki za ta zare cikin robarta. Sa bakin ƙarfe a bayan kofin ka ɓamɓare shi da sauri sau ɗaya, domin wani ɗan zoben waya ne kaɗai ke riƙe da shi. Ajiye kwano a ƙarƙashi, man giya zai zubo. Duba ka tabbata zoben wayan ya fito tare da shaf, bai karye a ciki ba. Duba kuma robar da ke hana mai yoyo a bakin ramin, in ta taurare ko ta tsage canza ta yanzu, tun da hanya na buɗe.

Kafin ka sa sabo, shimfiɗa shi kusa da tsohon. Na dama da na hagu ba tsawonsu ɗaya ba, na mota mai giyar hannu da na mai canza giya da kanta su ma su kan bambanta. Ƙirga haƙoran kai biyun. In motar tana da birkin ABS, kuma akwai zobe mai haƙora a jikin gaɓar waje, ƙirga nasa su ma, in ba su yi daidai ba fitila za ta kama a gaban direba. Game da saye, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a Panteka ta Kaduna, za a nuna maka sabo mai araha da tsoho na asali da aka ciro daga wata mota. A wajen shaf ban ƙi na asalin ba, in robarsa ba ta tsage ba, in kuma ka murɗa gaɓarsa ka ji ba ta wasa. Amma boris irin wanda a ke dannawa kada ka sayi tsoho ko kyauta ne, domin fitar da shi ita ce lalacewarsa.

Shafa ɗan mai a bakin sabon shaf, saita haƙoransa, ka tura shi a miƙe har ka ji ya yi ƙas. Ja kofin da hannu, in bai fito ba ya zauna. Zura ɗaya kan cikin hob, mai da gaɓar ƙasa, sa sabon noti, gama tsohon bakinsa ya riga ya lotsu.

Nan ne ɓarna ta biyu, ita ce ta fi yawa. Ɗaurin wannan noti yana da awo. Na Corollan da mu ke magana 216 ne a ma'aunin da a ke kira niyutan-mita. Ma'anarsa, kamar ka rataya nauyin kilo 22 ne a ƙarshen sifana mai tsawon mita ɗaya. To, dubi abin da a kan yi: a zura wa sifana bututu mai tsawon mita, ƙato mai kilo 70 ya hau ƙarshensa yana tsalle. Tsayuwarsa kaɗai ta ninka awon sau uku, balle tsallen. Wannan ya kan miƙar da zaren shaf, ya takura boris. In kuma aka bar shi sako-sako, zobba su yi wasa su cinye kansu. Maganin abin sifana mai ma'auni, wadda ke yin ƙas in an kai awo. Kowace mota da nata awon, a nemi littafinta. Mai mota yana da ikon ya tambayi makanike, “Malam, da me za a ɗaure notin nan?” Gwanin makanike ba ya jin haushin wannan tambaya. In an ɗaure, a lotsa bakin notin cikin tsagarsa, kuma duk wannan kafin nauyin mota ya sauka a kan ƙafar.

In boris ne za a canza, aikin injin dannawa ne, ba na guduma ba. Sa'ad da a ke shigar da shi gidansa, zoben waje kaɗai a ke dannawa. Sa'ad da a ke shigar da hob, sai a tokare zoben ciki daga baya, don kada ƙarfin ya bi ta kan ƙwallaye. Waɗansu motoci borisinsu na da maganaɗisu a fuska ɗaya domin birkin ABS, wannan fuskar ita ke duban ciki.

Saura ƙarashe. Mai da taya, a ɗaure notocinta a giciye, na Corolla awonsu 103. Cika akwatin giya da irin man da aka rubuta masa, gwargwadon abin da ya zube. Kafin ka motsa, taka birki sau uku ko huɗu har ya yi tauri. Sa'an nan koma filin nan ka kewaya dama da hagu, ka hau hanya ka saurara. Washegari da safe leƙa ƙarƙashin mota inda ta kwana, in ka ga ɗigon mai a ƙasa daidai bakin shaf, robar bakin ramin ta sami rauni wajen shigarwa, a koma a canza ta kafin man giya ya ƙare.